Dafa gunduwar naman sa a tukunyar dahuwar sannu: Sauƙin da ke ciki da haɗarin ɗauke wuta

A gidajen ma'aikata da dama a Abuja da sauran manyan birane, dafa babbar gunduwar naman sa aiki ne da ake ɗagewa sai ƙarshen mako. Naman yana buƙatar sa'o'i a kan wuta, gas ya yi tsada, kuma babu mai zaman gadin tukunya daga safe zuwa la'asar.

Domin irin wannan matsala aka ƙera wata tukunyar lantarki mai dafa abinci a hankali, wadda aka fi sani da sunan Crock-Pot. Ana zuba mata nama da safe, a rufe, a tafi aiki, a dawo da yamma a tarar ya yi luguf. Sai dai a ƙasar da wutar lantarki ba ta da alƙawari, tukunyar tana da sharaɗi, kuma idan aka yi sakaci da shi asarar ba za ta tsaya ga kuɗin nama ba, har lafiyar iyali za ta iya taɓawa.

Inda ta samo asali

Wani injiniya mazaunin Cikago a Amurka, Irving Naxon, shi ne ya samu takardar mallakar fasahar wannan tukunya a 1940. Ya ɗauko tunanin daga labarin da mahaifiyarsa ta ba shi na Yahudawan Bilniyus a Lituweniya, waɗanda addininsu ya hana su kunna wuta ranar Asabar. Sukan kai tukunyar wake da nama gidan burodi tun ranar Juma'a, ta kwana cikin sauran zafin tanderu, washegari a ɗauko abinci ya nuna.

Kamfanin Rival ya sayi kamfanin Naxon a 1970, ya fito da tukunyar da sunan Crock-Pot a 1971. Ta samu karɓuwa ne daidai lokacin da matan Amurka ke fita aiki da yawa. Daga baya ta shiga Ingila, inda cin babbar tsokar naman sa ranar Lahadi tsohuwar al'ada ce, kuma masu girki suka ga ta fi tanderu iya sarrafa sassan nama masu arha.

Ƙirarta ba ta da sarƙaƙiya. Kwano ne mai kauri na tangaran a cikin gidan ƙarfe, da waya mai ɗumama shi, da murfin gilashi. Ta bambanta da tukunyar dafa shinkafa, ta kuma bambanta da tukunya mai matse tururi wadda ke gama aiki cikin mintuna. Ita wannan tana riƙe abinci ne a zafin da bai cika wuce na tafasar ruwa ba, na tsawon sa'o'i.

Dalilin da ya sa nama mai tauri ya fi dacewa da ita

Taurin nama yana fitowa ne daga wani sinadari mai suna kolajin, wanda ke cikin jijiyoyi da tantanin da ke ɗaure tsoka. Sassan da dabba ta fi motsawa, kamar ƙirji, wuya, kafaɗa, ƙwauri da jela, su suka fi yawansa. Wuta mai ƙarfi ta ɗan lokaci tana ƙara ƙanƙance shi, naman ya koma kamar roba. Amma idan zafi ya kai kimanin digiri 70 a ma'aunin Salshiyos ya kuma daɗe a haka cikin danshi, kolajin yana narkewa ya zama wani abu mai yauƙi da ke ba romo kauri. Duk wanda ya taɓa ganin romon ƙafar sa ya daskare bayan ya huce, ya ga wannan aiki da idonsa.

Wannan bayani ya fi shafar naman da ake sayarwa a Najeriya. Shanu irin su Bunaji, Rahaji da Bokoloji suna tafiya mai nisa wajen kiwo, kuma sau da yawa sai sun manyanta ake yanka su, don haka namansu ba shi da kitse sosai a cikin tsoka, ga kuma yawan jijiya. Bayan haka, mahauta kan sayar da nama a ranar da aka yanka shi, lokacin da tsoka ke sandarewa, alhali a Turai ana rataye shi cikin sanyi na kwanaki ko makonni kafin ya isa kanti. Barin gunduwar ta kwana a firji kafin girki yana rage wannan sandarewa.

Abin lura shi ne, tsoka zalla marar kitse, wadda ake ganin ita ce ta manya, ita ce ta fi saurin bushewa a wannan tukunya. Ƙirji da kafaɗa da tozo sun fi ta daɗi bayan sa'a takwas. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, kuma a nan dutsen ne ma ya fi romo.

Yadda ake girkin

Gunduwa mai nauyin kilo 1.5 takan ishi mutum shida. Ana tsane ta daga ruwa, a shafe ta da gishiri, masoro, citta da tafarnuwa. Sannan a soya ko'ina a jikinta cikin ɗan mai a kasko mai zafi sosai, har ta yi launin ƙasa-ƙasa. Wannan mataki na mintuna goma ne kawai, amma shi ke kawo ƙamshin gashi, domin sauyin da ke haifar da wannan ƙamshi, wanda masanin kimiyya Bafaranshe Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, yana buƙatar zafin da tukunyar ba ta kaiwa.

A ƙasan tukunyar ake shimfiɗa albasa da karas da dankalin Turawa a manyan yanka, saboda sun fi nama jinkirin nuna a irin wannan zafi. A ɗora naman a kansu, a ƙara attaruhu, kanumfari kaɗan da daddawa ga mai so.

Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne cika ruwa. Tukunyar ba ta fitar da tururi, naman da albasa kuma za su saki nasu ruwan, don haka kofi ɗaya da rabi zuwa biyu ya wadatar, yadda zai kai sulusin tsayin naman. Ita kanta tukunyar ana so a cika ta daga rabi zuwa kashi biyu cikin uku.

A ƙaramin zafi naman yana ɗaukar kimanin sa'a takwas, a babban zafi kuma biyar zuwa shida. Buɗe murfi domin leƙawa yana zubar da zafin da aka tara, ya ƙara tsawon girkin. Alamar nuna ita ce cokali mai yatsu ya shige ba tare da turjiya ba. Idan an sauke, a bar naman ya huta minti 15 zuwa 20, a yanka shi a gicciye da zaren tsoka. Romon kuma a juye shi a tukunya, a tafasa har ya yi kauri.

Inda gizo ke saƙar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri a abincin da zafinsa ke tsakanin digiri 5 da 60, kuma bai kamata dafaffen abinci ya wuce sa'a biyu a ajiye a ɗaki ba. Tukunyar dahuwar sannu tana ɗaukar lokaci kafin ta fitar da babbar gunduwa daga wannan tsakani. Shi ya sa ba a saka mata daskararren nama daga firiza, sai ya narke sarai a cikin firji. Haka kuma ba a ɗumama kwantai a cikinta.

Babbar barazanar ita ce ɗauke wuta. Idan aka ɗauke da hantsi aka dawo da ita da azahar, tukunyar mai maɓallin murɗawa za ta ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru, mai gida kuma ya dawo ya tarar da nama mai ƙamshi, bai san ya yi sa'o'i cikin ɗumi mai haɗari ba. Wasu ƙwayoyin cutar suna barin dafin da sake tafasawa ba ya kashewa.

Shawarar Ma'aikatar Noma ta Amurka a kan haka ba ta da sassauci: idan wuta ta ɗauke babu kowa a gida, a zubar da abincin ko da ya yi kama da nunanne. Idan akwai mutum a gida, ya juye shi nan take ya ƙarasa a kan gas ko gawayi. Idan kuwa ya riga ya nuna kafin a ɗauke, zai iya zama a cikin tukunyar har sa'a biyu.

A tsarin Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Najeriya, NERC, masu rukunin A ne aka yi wa alƙawarin aƙalla sa'a 20 a rana, masu rukunin D sa'a takwas, masu rukunin E kuma huɗu. Ga na ƙarshen nan, barin tukunyar ita kaɗai a gida ganganci ne, sai idan akwai inbata ko sola.

Lissafin kuɗi

A nan tukunyar ta ciri tuta, domin ba ta cin wuta. Matsakaiciya tana jan kimanin wat 200, abin da ƙaramar inbata za ta iya ɗauka. Sa'a takwas a haka yunit 1.6 ke nan. A farashin naira 225 kan kowane yunit da NERC ta sanya wa rukunin A a watan Afrilun 2024, girkin bai wuce naira 360 ba.

Mai sayen ta hannu, wato tokumbo, ya duba rubutun da ke ƙasanta. Wadda aka ƙera domin Amurka tana aiki da bolt 120, wutar Najeriya kuma 230 ce, don haka za ta ƙone idan ba a haɗa ta da na'urar rage ƙarfin wuta ba. Ta Ingila ta dace kai tsaye. A kuma duba kwanon tangaran ɗin ko ya tsage, sannan kada a zuba masa ruwan sanyi yana da zafi.

Ga gidan da wutarsa ba ta da tabbas, hanya mafi aminci ita ce a ɗora girkin da dare ko ranar hutu, lokacin da akwai wanda zai ji an ɗauke wuta ya tashi ya mayar da naman kan murhu.