Me Ya Sa Iri Mai Juriya Yakan Gaza?

'Yan'uwa manoma, cutar da ke ƙone ganyen dankalin Turawa a Filato ita ce ta jawo yunwa a ƙasar Ailan daga 1845. Ga dabararta. Shuka tana da masu gadi a jikinta. Ƙwayar cutar takan zuba waɗansu sinadaran furotin cikin ganye, su rufe bakin masu gadin. Iri mai juriya yakan gane ɗaya daga cikinsu, ya kashe ɗan wurin da cutar ta shiga, sai ta rasa abinci. Amma in ta sauya kamannin sinadarin, juriya ta ƙare. Saboda haka kada ƙungiya ta dogara ga iri ɗaya. Ku riƙa duba ganye da damina, ku tumɓuke masu ciwo da wuri.