Ciwon Ƙoda na Gado da Matan da Ake Ɗora wa Maita

Akwai wani labari da kunnena ya gaji da ji, domin duk inda aka ba da shi, a birni ko a ƙauye, sunayen mutane kaɗai ke sauyawa. Mace ce za ta haifi 'ya'ya maza lafiyayyu, su tashi ana murna da su, sai ɗaya ya kai shekara goma ko abin da ya yi kusa, a ga malam yana kiransa a aji ba ya amsawa har a riƙa yi masa bulala a kan taurin kai. Bayan shekaru ganinsa ya soma raguwa, fuska da ƙafafu su kumbura, kafin ya kai ga aure ya riga mu gidan gaskiya. Idan ƙanensa ya bi wannan hanya, a nan dangin miji ke yanke hukunci ba alƙali ba shaida, su ce ai uwar ce take cinye 'ya'yanta. A je wurin boka ya tabbatar, a tilasta mata ta tsallaka mai jinya don ta saki kurwarsa, daga ƙarshe a miƙa mata takardar saki tana cikin makokin ɗanta.

Alhali kuwa wannan lalura tana da suna a littattafan likitoci tun 1927, shekarar da wani likita haifaffen Afirka ta Kudu mai suna Cecil Alport ya yi bayanin wata zuri'a a Ingila wadda ciwon ƙoda da kurumta suka bi ta kaka da kakanni, ya lura cewa maza ne ke mutuwa da wuri, mata kuwa galibi suna tsufa. Da sunansa ake kiran cutar har yau. Asalinta a taƙaice shi ne, ƙoda tana tace jini da wata rariya mai laushi, kuma irin zaren da aka saƙa rariyar nan da shi ne Allah ya saka a can cikin kunne da kuma a fatar da ta lulluɓe madubin cikin ido. Idan aka haifi mutum da zaren nan rarrauna, gaɓoɓin uku za su lalace sannu a hankali, ƙoda a gaba. Tana da 'yan uwa waɗanda su ma ba kasafai ake ganinsu ba, kamar wadda ke haɗa dundumi da cindo da ƙiba da ciwon ƙoda, da wata mai tara ƙanƙara-ƙanƙara a baƙin idon yaro har ya kasa kallon rana.

To, bari mu koma ga zancen maita, mu auna shi da hankali kafin mu je ga shari'a. Wanda ya yi haƙuri ya binciki asalin irin wannan gida, sau da yawa zai tarar yaran nan suna da kawu, ɗan'uwan uwarsu na ciki ɗaya, wanda ya kurumce yana saurayi ya rasu da kumburi, ko kuwa kakansu na wajen uwa ne ya rasu haka tun uwar tana goye. Shin jaririyar da ke bayan uwarta ce ta kama kurwar mahaifinta? Ko kuwa maitar ce take da ilimin nasaba, har ta san ta zaɓi maza ta tsallake mata, ta bi ɗaki kaza ta bar ɗaki kaza, a tsari guda wanda likita a Landan ya zana a takarda kusan shekara ɗari da suka wuce? Sababin wannan tsari ya bayyana a 1990, lokacin da masana daga Amurka da Finlan suka gano ainihin ƙwayar gadon da ke da illar, suka tarar tana kan ƙullin halittar da ake yi wa alama da harafin X. Namiji guda ɗaya yake da shi, daga uwarsa, don haka idan ya zo da illa ba shi da madadi. Mace biyu take da su, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa, mai lafiyar yana rufa wa marar lafiyar asiri. Saboda haka kowane ɗa namiji da irin wannan mace ta haifa, rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira.

Na san mai gardama zai ce, to ai ga shi ka faɗa da bakinka, daga uwar abin ya fito. Ina roƙonsa ya ƙarasa jin magana. Namijin da ke da cutar ta wannan hanya ba ya ba wa ɗansa namiji ko ɗaya, amma 'ya'yansa mata duka, ba a cire kowa ba, sai sun gada daga gare shi. Ashe ke nan matar da ake jifa da maita tana iya zama ta karɓi abin daga tsatson ubanta, ba ta sani ba, ba ta zaɓa ba. Kuma akwai wani nau'in cutar da ba ya bayyana da ƙarfi sai uwa da uba duka sun ba da nasu kaso, kamar yadda muka sani a sikila, wanda auren zumunci ke ƙara masa hanya, kuma a nan mijin da ya yi saki yana da rabon da ya yi daidai da na matar. Mafi ban takaici shi ne ita kanta majinyaciya ce: kusan duk matan da ke ɗauke da wannan gado suna fitar da jini a fitsari wanda ido ba ya gani, kuma wani kaso nasu ƙoda takan gaza musu bayan sun manyanta. Wadda ya kamata a kai asibiti ita ake kora gidan iyayenta.

Malamanmu sun san ƙissar mutumin da ya zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana shakkar ɗansa saboda launinsa ya saɓa da nasa, aka tambaye shi launin raƙumansa da yadda mai toka-toka ya fito cikin jajaye, ya amsa da kansa cewa wata jijiya ce ta asali ta jawo shi, aka nuna masa ɗansa ma haka ne. Wanda ya ji wannan a majalisin karatu, sa'an nan ya koma gida ya ɗauki maganar boka a kan uwar 'ya'yansa, ya haɗa mugun zato da ƙazafi da gaskata mai da'awar sanin gaibu, kuma ban san wanne ne ƙarami cikin ukun ba.

Abin da ya sa na matsa a kan wannan mas'ala shi ne, shekarun da ake ɓatawa wajen neman mayya su ne shekarun da magani ke aiki. A 2012 likitocin Turai, ƙarƙashin jagorancin Oliver Gross na Jami'ar Gottingen a Jamus, suka buga sakamakon bin diddigin masu wannan cuta na tsawon shekaru: waɗanda ba su sha magani ba sun kai ga wankin ƙoda suna wajen shekara 22, waɗanda aka fara ba su wani sanannen maganin hawan jini tun furotin ya soma zuba a fitsari sun kai wajen shekara 40, waɗanda kuwa aka jinkirta har ƙoda ta raunana shekara uku kacal suka ƙaru da ita. A 2020 aka fitar da sakamakon gwajin irin wannan magani, mai suna ramipril, a kan yara ƙanana a Jamus, aka ga ba ya cutar da su. Maganin ba ya warkar da cutar, yana dai jinkirta ta, kuma ba mai tsada ba ne.

Don haka gidan da aka taɓa rasa saurayi da kumburi da nauyin ji, wajibi ne a kai yara duka, maza da mata, da uwarsu da 'yan uwanta mata, a auna fitsarinsu. Tsinken gwaji ne ake tsomawa, cikin minti biyu ya nuna jini ko furotin. Kada a ce ai tsargiya ce a sha magani a manta, musamman idan an sha maganin tsargiya jinin bai ɗauke ba, ko fitsari yana yin duhu duk sa'ad da yaro ya yi mura, ko yana kumfa mai daɗewa. A gaya wa likita tarihin dangi ba ɓoye-ɓoye, wane ya rasu, yana shekara nawa, ta wajen uwa ne ko ta wajen uba, domin rabin ganewar cutar yana cikin wannan amsa. A nemi a auna ji, a kuma ga likitan ido, wanda da fitilarsa yana iya hango madubin ido ya tsiro gaba kamar ɗan tulluwa, alamar da kusan ba a ganinta sai a wannan cuta; idan gani ya lalace ana cire madubin a sa na roba, irin aikin da ake yi wa mai yanar ido. Kada a ɗiga wa idon nono ko ruwan ganye, kada a kai yaro wurin mai tsire yanar ido da allura. A nisanta shi da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba, da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ake saya a kemis kamar gyaɗa, a rage masa gishiri. Maganin hawan jinin nan kuma likita ne ke rubuta shi yana auna jini lokaci lokaci, kuma mai ciki ba ta shan sa, domin yana illa ga ɗan tayi.

Idan ƙaddara ta kai ga dashen ƙoda, wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tun 2002, cutar ba ta komawa cikin sabuwar ƙodar. Sai dai a irin wannan gida uwa ce takan fara miƙa tata, don haka a tsaya a binciki lafiyar ƙodarta sosai kafin a karɓa, haka ma 'yan uwa mata, in ya yiwu a nemi mai bayarwa ta wajen dangin uba.