Turancin jarrabawa daban, na bakin gadon majinyaci daban

Watana uku da fara aiki a wani asibiti a arewacin Ingila shugabar sashenmu ta kira ni ofis. Wata dattijuwa ce ta kai ƙarata, wai na yi mata magana kamar ina yi wa ƙaramar yarinya. Na yi ta laluben inda na ɗaga murya, ban gano ba. Ashe laifin a kalma ɗaya yake. Da ƙarfe goma na dare na miƙa mata magani na ce, "You must take your tablets now." A wurina jumla ce mai tsabta, wadda malaminmu na sakandare zai ba ta cikakken maki, kuma da irin wannan nahawun na ci jarrabawar OET. Ita kuwa baiwar Allah, muryar ɗan sanda ta ji.

Washegari na kasa kunne in ji yadda 'yan gari ke yi. Abokiyar aikina cewa ta yi, "Do you want to just take these for me?" A fuska tambaya ce, wato ko kina so ki ɗan sha waɗannan. A ciki kuwa umarni ne da aka sa wa rigar tambaya. Kuma akwai dalili, domin a nan majinyaci mai cikakken hankali yana da ikon ƙin magani, sai jumlar ta bar masa ƙofa a buɗe.

Haushi ne ya sa na fara bincike, ba son ilimi ba. A nan na ci karo da masana harshe da ba sa tambayar yadda ya kamata a yi magana, sai dai su tara abin da mutane suka faɗa ko suka rubuta da gaske, su zuba a kwamfuta su ƙirga. Bari mu kira tarin rumbun kalmomi. Fitacce na farko an haɗa shi a Jami'ar Brown ta Amurka, kalmomi miliyan 1 daga rubuce-rubucen 1961. Aka yi masa ɗan'uwa na Turancin Birtaniya na wannan shekarar, sannan wani na 1991. Da Farfesa Geoffrey Leech na Jami'ar Lankasta ya gwama biyun, sai ya ga "must" da "shall" suna ja da baya, "need to" kuma tana ta ƙaruwa. Wato kalmar da ta ja mini magana ta daɗe da fara tsufa a bakin masu ita, mu ne labarin bai iso wa ba.

Na magana ya fi burge ni. Babban rumbun Birtaniya na shekarun 1990 yana da kalmomi miliyan 100, kusan miliyan 10 daga ciki magana ce ta baki, har da hirarrakin da 'yan sa-kai suka naɗa a kaset cikin gidajensu. Tsakanin 2012 da 2016 Lankasta da maɗabba'ar Jami'ar Kambirij suka sake tara irinsa da wayoyin hannu, kalmomi sama da miliyan 11. Suka tarar "marvellous" ta kusa ɓacewa, "awesome" ta Amurkawa ta hau kujerarta. Ni dai har yanzu ina jin ta farkon kullum, amma majinyatana yawancinsu sun haura tamanin.

Kada wani ya ce Turancinmu na gida kuskure ne. Shi ma an yi masa nasa rumbun a cikin wani aiki na duniya da ke tattara ire-iren Turanci, kuma yana da ƙa'idojinsa. Matsalar ita ce a bakin gado ba a yi maka uzurin ƙasar da ka fito. Sau nawa na ce wa majinyaci "I'm coming" ina mai juya masa baya? "Ina zuwa" ɗinmu ce na ɗauko sukutum, shi kuma yana kallona ina ficewa, ya ɗauka na raina masa hankali. Wata rana wata ta ce mini "I feel sick", na tafi ɗauko abin awon zafin jiki, tunda a gida ma'anarta ba ni da lafiya. A nan tashin zuciya ake nufi. Kafin in dawo ta yi amai a zanin gado.

Wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne "not too bad". Tsofaffin Turawa, musamman maza, da ita suke amsa tambayar ciwo ko da ciwon yana cin su. Wani dattijo ya ba ni wannan amsa bayan tiyata, na kusa rubuta cewa lafiya lau. Gumin da ke goshinsa ne ya tsayar da ni. Na ce ya ba ciwon maki daga 0 zuwa 10, ya ce 8. Na kira likita nan take. Da na tsaya a kan ma'anar kalmomi ɗaya bayan ɗaya, da mutumin ya kwana a haka. Mu da muke amsa "da sauƙi" ko a gadon asibiti bai kamata wannan ta ruɗe mu ba, amma ta ruɗe ni, saboda ban zaci Bature ma yana da tasa ba.

Ƙannena da ke gida kuna shirin OET ko IELTS, ku yi karatun nahawu, babu makawa. Amma ku nemi ƙamus irin Collins COBUILD, wanda John Sinclair da abokan aikinsa suka fitar a Birmingham a 1987, domin misalansa daga rumbu aka ciro su, ba malami ne ya ƙirƙira a tebur ba. In kun ga kalma, ku dubi waɗanda take zama da su. Sinclair ya lura cewa "set in" kusan kullum da abin ƙi take tafiya, irin su ruɓa da cuta, don haka in kun ji ta a bakin likita ku miƙe zaune.

Ni yanzu ina da ɗan littafi a aljihun rigar aiki, ina rubuta duk jumlar da na ji sau uku a sashenmu. Makon jiya wata sabuwar nas daga Kumasi ta are shi, bayan wata tsohuwa ta ce mata tana so ta "spend a penny", ita kuma ta buɗe durowa tana neman mata jakar kuɗi. Banɗaki matar take nufi. Har yau ba ta dawo mini da littafin ba.