Ajiye kundin bincike a rumbun jami'a: abin da ya shafi Hausar Adar

1. Gabatarwa

A kowace shekara ɗalibai suna kare kundayen bincikensu a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa, kuma waɗansu daga cikinsu sun shafi ƙasar Adar, harshenta da tarihinta da nomanta. Biyu daga cikin manyan littattafan da muke dogara da su a kan wannan yanki daga kundin digiri suka samo asali, watau na Jibo Hamani a kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa (1975), da na Bernard Caron a kan Hausar Adar (1991). Waɗannan sun sami gatan ɗab'i. Galibin kundaye kuwa kwafi kaɗan ake yi musu, su zauna a kabad har ƙura da gara su ci rabonsu. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda ake ajiye kundi a rumbun jami'a na intanet, da abin da ya wajaba mai nazarin Hausa ya kiyaye domin a sami aikinsa in an nema.

2. Ma'anar rumbu

Abin da muke kira rumbu a nan shi ne ma'ajiyar da jami'a take buɗewa a intanet, inda take tattara ayyukan malamanta da ɗalibanta, kowa ya karanta ba da biya ba. Da yawa daga cikin rumbunan an gina su da manhajar DSpace, wadda ta fito a 2002. A Faransa akwai HAL tun 2001, kuma tun 2016 doka ta wajabta ajiye kundin dokta ta hanyar kwamfuta. A Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello tana da rumbu mai suna Kubanni. Hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, ta buɗe DICAMES domin jami'o'in ƙasashen da ke cikinta.

3. Matakan ajiya

Mu ɗauki misalin ɗalibin da ya tattara tatsuniyoyi a Deule, cikin gundumar Buza. Bayan ya kare kundinsa, zai yi gyare-gyaren da alƙalan jarrabawa suka nema, shugaban bincikensa ya amince. Sa'an nan ya mai da kundin zuwa sigar PDF, ya cika katin bayani: sunan marubuci, take, shekara, fanni, harshe, taƙaitawa da muhimman kalmomi. Daga nan ya sa hannu a takardar izinin yaɗawa. Haƙƙin mallakar aikin yakan zauna a hannunsa, kuma yana iya neman a jinkirta buɗe shi zuwa wani lokaci. A ƙarshe ma'aikacin laburare ya duba, ya ba kundin adireshi na dindindin. Ya kamata a lura cewa katin bayani shi ne ƙofar da mai nema yake fara bi. In katin ya gurgunce, kundin ya ɓace ko da yana cikin rumbu.

4. Matsalolin da suka keɓanci Hausa

(a) Haruffa masu ƙugiya. Tun taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 ake ƙoƙarin daidaita rubutun Hausa, amma har yanzu akwai masu rubuta k a gurbin ƙ. A wurin kwamfuta "baki" da "baƙi" kalmomi biyu ne, haka "kara" da "ƙara". Wajibi ne a yi amfani da haruffan Unicode, waɗanda suka tanadi ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Tsofaffin haruffan da akan ƙera wa na'ura guda sukan rikiɗe a wata na'urar, kuma kundin da aka ɗauki hotonsa kawai ba a iya neman kalma a cikinsa. Bugu da ƙari, Nijar tana rubuta ƴ, Nijeriya kuwa 'y, saboda haka a sa sigogin biyu a cikin muhimman kalmomi.

(b) Sunayen wurare. Gari ɗaya yana da rubutun Faransanci da na Hausa: Tahoua da Tawa, Madaoua da Madawa, Bouza da Buza, Déoulé da Deule. A rubuta duka biyun a katin.

(c) Karin harshe. Lambar Hausa a tsarin ISO 639-3 ita ce "hau", kuma ba ta bambanta Adaranci da Kananci. Alhali mai shirya littafin yaƙi da jahilci domin Keita ko Madawa yana bukatar sanin inda ake cewa "tahi" maimakon "tafi", "hwara" maimakon "fara", "munka zo" maimakon "muka zo". A ambaci karin da sunan garin a fili, kuma kada a mai da maganar mutane zuwa daidaitacciyar Hausa a cikin matanin da aka naɗa.

(d) Amanar masu ba da labari. Abin da tsohuwa ta faɗa wa ɗalibi a zaure, rumbu zai kai shi duniya. A nemi yardarta tun kafin a naɗi muryarta, a sakaya sunan wanda bai yarda a ambace shi ba.

5. Kammalawa

Tun 1973 Nijar take gwajin koyarwa da harsunan gida, kuma a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. Masu tsara wannan aiki ba za su yi shi ba sai da bayanan da ɗalibai suka riga suka tattara. Don haka muna ba da shawara uku: kowane kundi da ya shafi ƙasar Hausa ya zo da taƙaitawa cikin Hausa, ko da an rubuta shi da Faransanci, a ajiye muryoyin da aka naɗa tare da kundin, sa'an nan a koma ga tsofaffin kundayen da ke kan takarda a shigar da su, a fara da waɗanda kwafi ɗaya tak ya rage.