Kajin gida a Haɗejiya: ba a neman izini, amma maƙwabta da fakat na jira

A birane da dama na Amurka, sai mutum ya nemi izinin hukuma kafin ya ajiye kaza a bayan gidansa. Ana ƙayyade masa adadi, sau da yawa kuma a hana shi zakara saboda cara. A Haɗejiya kuwa, zakaran nan shi ne agogon asuba.

Da wuya a shiga gida a tsohon gari ba a ga akurki a wani lungu ba, kuma galibi kajin na mata ne da yara. Abinci ba ya wuya a ƙasar da ake noman shinkafa rani da damina: ga dusa daga injin casa, ga tsaki, ga ƙanzon tukunya. Kaza ta kwanta kan ƙwai kwana 21 ta fito da 'yan tsaki. In baƙo ya sauka a yanka ɗaya, in yaro ya kwanta rashin lafiya a kai biyu kasuwa. Asusu ne mai tafiya da ƙafafunsa.

Tafiyar ce ke jawo magana. A ƙauyen fadama kaza na da fili, amma a unguwar da katanga ke jingine da katanga, kiwonta kwata ne da bola, daga nan ta faɗa shanyar maƙwabciya. Rigimar ba ta cika wuce mai unguwa ba, sai dai takan ɓata zumunci.

Babbar asarar tana zuwa da hunturu. Lokacin ne ciwon fakat ke bin gida-gida, kaza ta yi zugum, wuya ya murɗe, cikin 'yan kwanaki akurki ya zama wayam. Mai kaji kan yi sauri ya sayar da waɗanda suka fara rauni, da haka cutar ke shiga gidan mai saye. Alhali akwai rigakafi: cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana yin wanda ake ɗigawa a ido ko a zuba a ruwan sha. Sai dai kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, mai kaza bakwai ba za ta saya ita kaɗai ba, sai in unguwa ta haɗa kuɗi.

Ga kuma murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Najeriya a Fabrairun 2006 a jihar Kaduna. Dausayin Baturiya da ke Kirikasamma na karɓar tsuntsaye daga Turai duk hunturu, kuma agwagin gida na shan ruwa ɗaya da na daji. Shi ya sa likitocin dabbobi ke cewa a raba kwanan kaji da agwagi, sabuwar kaza daga kasuwa a killace ta mako biyu, wadda ta mutu kuma a binne ta, kada a jefa a kwata.