NA'URAR DA KE KUNNA FITILA DA KANTA IN DARE YA YI

Jihar Neja, wadda aka kafa a shekarar 1976 da hedkwatarta a Minna, ita ce rumbun wutar lantarki ta ruwa a Nijeriya. A cikinta aka gina madatsar Kainji wadda aka kammala a 1968, da ta Shiroro a kan Kogin Kaduna wadda ta fara aiki a 1990 da ƙarfin megawat 600. Duk da haka, wutar ba ta wadaci jama'ar ƙasa ba. Abin takaici kuwa, sau da yawa akan ga fitilun ƙofar gida da na shaguna suna ci da tsakar rana, domin an manta ba a kashe su ba.

Wannan asara ba ƙarama ba ce. Ƙwai ɗaya mai wat 60 da aka bari a kunne awa 12 na yini yakan cinye kusan yunit 22 a wata. Akwai wata 'yar na'ura mai sauƙin haɗawa wadda ke maganin wannan mantuwa, kuma ɗalibin makarantar sana'a ko mai gyaran rediyo zai iya haɗa ta da hannunsa.

Sassan Na'urar

Sashe na farko shi ne idon haske, wanda masu sayar da kayan rediyo ke kira LDR. Wani ɗan faifai ne da bai wuce ƙwayar wake girma ba, kuma halinsa shi ne, in haske ya sauka a kansa sai ya buɗe wa lantarki hanya, in duhu ya rufe shi sai ya tsuke hanyar. Tun a shekarar 1873 wani injiniya na Ingila, Willoughby Smith, ya gano irin wannan hali a jikin sinadarin seleniyam.

Sashe na biyu shi ne tiransista, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 1947. Tana da ƙafa uku, kuma aikinta kamar na mai gadin ƙofa ne: 'yar wuta kaɗan a ƙafar tsakiya ta isa ta sa ta bar wuta mai yawa ta wuce ta sauran biyun. Mai lamba BC547 ta wadatar.

Sashe na uku shi ne rile, watau makunni mai aiki da maganaɗisu. A cikinsa akwai siririyar waya da aka nannaɗe. In wuta ta bi ta cikin naɗin sai ya zama maganaɗisu, ya jawo wani ɗan ƙarfe, ƙarfen kuma ya haɗa wayoyin fitila kamar yadda yatsan mutum ke danna makunnin bango.

Bayan waɗannan ana bukatar batir mai bolt 12, da resista mai murɗawa irin ta ƙara muryar rediyo, da ƙaramar resista mai om 1,000 da za a jera da ita, da kuma dayod mai lamba 1N4007.

Yadda Take Aiki

Ana jera resistocin da idon haske a kan layi ɗaya: resistocin a wajen kan batir mai alamar tarawa, idon haske a wajen mai alamar ɗebewa. Daga mahaɗarsu ake jan waya zuwa ƙafar tsakiya ta tiransista. Da rana idon yana buɗe, saboda haka wutar sai ta zarce ta cikinsa, ba ta isa tiransista ba, fitila kuwa tana kashe. Da magariba ta yi hanyar idon ta tsuke, ƙarfin wuta a mahaɗar sai ya hau. Da zarar ya kai wajen bolt 0.7, tiransista ta buɗe, rile ya ɗauka, fitila ta kama. Da gari ya waye al'amarin sai ya juya. Da resista mai murɗawa ake zaɓen irin duhun da ake so fitila ta kama a cikinsa.

Dayod ɗin kuwa a kan naɗin rile ake gitta shi, gefensa mai zobe yana wajen alamar tarawa. Dalili shi ne, duk lokacin da aka yanke wa naɗin wuta yakan yi harbin baya, wanda ke iya ƙona tiransista nan take.

Kurakuran da Akan Yi

1. Kada a sa idon haske inda hasken fitilar kanta zai faɗa masa. In an yi haka zai ɗauka gari ya waye, ya kashe ta, sa'an nan ya sake kunnawa, ba iyaka.

2. In rile yana karkarwa da almuru, a sa kondensa a ƙafar tsakiya ta tiransista domin ta jinkirta shi kaɗan.

3. Ƙurar hunturu takan rufe idon har fitila ta riƙa kamawa tun rana ba ta faɗi ba. A riƙa share shi, a kuma kare shi daga ruwan damina da gilashi ko farar roba.

Gargaɗi

Na'urar gida biyu ce. Ɓangaren batir ba shi da haɗari, amma ɓangaren da rile ke kunnawa yana ɗauke da wutar gida mai bolt 230, wadda ke iya kashe mutum. Wajibi ne mai koyo ya fara gwaji da ƙaramin ƙwai mai bolt 12 kaɗai. Haɗawa da wutar gida aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne, bayan an kashe babban makunni, an sa fis, an kuma duba lambar da ke jikin rile domin kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. A rufe kome cikin akwatin roba, nesa da hannun yara.

Kira ga Iyaye da Malamai

Irin wannan dabara ce ke kunna wasu fitilun titi masu aiki da hasken rana. Yaron da ya fahimce ta ya sa ƙafa a matakin farko na ilmin da ake koyarwa a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983. Ya kamata iyaye da malamai su ƙarfafa wa yara maza da mata gwiwa, su kuma tsaya a kansu lokacin gwaji. Tattalin wuta aikin kowa ne, domin abin da gida ɗaya ya rage shi ke haskaka gidan maƙwabci.