Shagon turawa, waƙar sata da jirgin kwali

Ga shirin wannan makon a rubuce, domin waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba. Kuma dai maganar datar ce za ta ci rabin hirar tamu ta yau.

Wata Asabar da yamma ina dawowa daga Roni, dab da shiga Kazaure, na hangi yara sun yi dandazo a wani fili. Na zaci ƙwallo ake yi. Da na tsaya, sai na ga wani yaro da bai wuce shekara 17 ba riƙe da rimot, ƙaninsa kuma ya ɗaga jirgi da hannu ɗaya yana jiran umarni. Jirgin na kwali ne da farin soson nan da ake tallafe sabuwar talabijin da shi. Aka cilla, ya tashi, ya yi zagaye biyu, sai ya ɗaga hanci sama, ya tsaya cak, ya faɗo da ka. Yara suka sa ihu. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ɗauko jirgin, ya ɗora fukafukan a kan yatsu biyu, ya ce wutsiya ce ta yi nauyi, ya matsar da batir gaba kaɗan.

Na ce, "Ƙanina, wa ya koya maka wannan?" Ya ce YouTube. Na ce da wace datar? Ya yi dariya, ya ce, "Yaya, ai a shagon turawa ake sauke min." Ya nuna min memorinsa. Bidiyon haɗa jirgi sun fi ashirin. A gefensu kuma waƙoƙin Hamisu Breaker ne, da Umar M. Shareef, da Ali Jita, da Nura M. Inuwa, jere reras. Babu ko ɗaya da sisin kwabo ya isa hannun mai ita. Ban ce masa komai ba, domin wallahi wayar da ke aljihuna a lokacin ita ma haka take.

Tun ranar abin ke cin raina. Shago ɗaya ne ya zama makarantar yaron nan, kuma shagon ne ke cinye gumin mawaƙa.

Mu fara da shagon. Duk wanda ya taso a Kazaure, Gwiwa, Roni ko Babura ya san shi: teburi, kwamfuta, sifika mai tashe kan mutum, da wajen cajin waya. Mai shagon ya sayi data sau ɗaya, ko ya je Kano ya cika hadis ɗinsa, ya dawo yana tura wa ɗaruruwan mutane a kan kuɗi ƙalilan. Daga nan kuma abu ya ci gaba da yawo daga waya zuwa waya ta Xender, ba sai da sabis ba. Ga mutum a ƙauyen da sai ya hau tudu kafin saƙon WhatsApp ya tafi, wannan shagon shi ne intanet ɗinsa. Kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, sai kasuwar shagon ta ƙara daɗi. Masu shagunan nan samari ne masu neman halaliyarsu, wasu da diflomarsu a jaka. Ba na cikin masu cewa a bi su da kamu.

To amma ina mawaƙin ya tsaya? Da can, lokacin kaset da faifan CD, akwai kasuwa. A Ƙofar Wambai da Bata a Kano dillalai ke sayen aiki su buga su raba, mawaƙi ko mai fim ya samu wani abu, duk da cewa ko a lokacin ana satar fasaha. Da memori da wayar Android suka cika gari, wajen tsakiyar shekarun 2010, kasuwar CD ta mutu murus. Sai aka koma YouTube. A can, kafin a fara biyan ka kuɗin talla sai tasharka ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara guda, sannan a ba ka kashi 55 cikin 100 na abin da tallar ta kawo. Ka lura da kyau: kallo ake ƙirgawa. Idan mai shago ya sauke waƙa sau ɗaya ya tura wa mutum dubu, a lissafin YouTube mutum ɗaya ne. Sauran 999 sun ji daɗi, sun haddace, sun yi rawa a biki, amma a wajen biya babu su.

Wani zai ce ai yaɗuwar ita ce riba, mawaƙi ya yi suna a gayyace shi biki. Da gaskiyarsa, amma ga manya. Wanda ya yi kiɗan a situdiyo fa? 'Yar amshi fa? Ba a gayyatarsu biki.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna. Waƙar Hausa tun asali a hannun iyayen gida take. Narambaɗa mawaƙin fada ne, Shata kuma har ya rasu a 1999 kyautar masu hali ce babbar hanyar samunsa. Kasuwar kaset da CD ce ta buɗe wata ƙofa, inda talaka da ɗan kuɗinsa ya zama uban gidan mawaƙi. Da muka daina biya, ƙofar ta rufe, mawaƙi ya juya ya nemi mai biya. Wa ya rage? Ɗan siyasa. Mu ne kuma za mu hau Facebook muna zagin mawaƙa cewa sun zama 'yan amshin shatan gwamnati, babu mai waƙa a kan yunwa ko rashin aikin yi. Malam, wanda ya ba ka tuwo shi kake yi wa kirari. Mu me muka ba su?

Ta fuskar addini ma ba a bar maganar a buɗe ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare. Ko mene ne ra'ayinka a kan kiɗa, hukuncin ya shafi littafi da manhaja da fim.

Yanzu mu koma kan jirgin. Shin bidiyon yaron su ma sata ne? A nan na ga bambancin. Yawancin masu wannan sha'awa a duniya da kansu suke sakin iliminsu. Akwai wata tasha a jihar Ohio ta Amurka, Flite Test, da ta shahara wajen bayar da zanen jirage kyauta, ka buga a takarda, ka manna a kan allon soso, ka yanka. Su kuɗinsu a sayar da kayan haɗi yake, da ƙaramin inji, da farfela, da batir. Sun tsara sana'arsu yadda duk wanda ya kwafi zanen mai saye ne na gobe. Mawaƙinmu bai ba da wannan izini ba, kuma ba shi da farfelar da zai sayar daga baya. Kwafin iri ɗaya ne, izinin ne ya raba su.

Kuma kar a raina abin da yaron ke koya. Sai ya san cewa nauyin jirgi dole ya daidaita wajen kashi ɗaya cikin uku na faɗin fiffike daga gaba. Sai ya san ƙarfin batir da injin zai ɗauka ba tare da ya ƙone ba, da yadda iskar hunturu ke wasa da abu mara nauyi. Fizis ɗin da aka karanta mana a allo muka haddace don jarrabawa, shi da hannunsa yake taɓa shi. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa helikwafta da tarkacen mota da babur har jaridun duniya suka ɗauka. Kano kuma tana cikin garuruwan da jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, a 1925.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, har da tanadin sauke kayan sata daga shafukan intanet. Amma ba ta ganin abin da ke wucewa tsakanin waya da waya a bakin kasuwar Gwiwa. Shi kuwa jirgi, kowa na ganin sa. A 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta ce ba a tashin jirgi mara matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Na fahimci dalili. Muna maƙwabtaka da Katsina, Babura na dab da iyakar Nijar, kuma 'yan ta'adda sun yi amfani da irin waɗannan na'urori a Arewa maso Gabas. Amma yaron da ya tara kuɗin batir daga dakon kaya, ta ina zai bi ya kai Abuja neman izini? Tsorona shi ne wata rana a ƙwace jirgin, a tsorata shi, ya watsar gaba ɗaya. A Amurka abin da ake tashi don nishaɗi idan bai kai giram 250 ba ko rajista ba ya buƙata, kuma akwai filaye na ƙungiyoyi da hukuma ta san da su.

Abin da nake gani zai yiwu a nan ba mai tsada ba ne. Muna da Kwalejin Hussaini Adamu da makarantar Informatics a Kazaure, ga sabuwar jami'ar fasaha ta tarayya a Babura. Ɗaya daga ciki ta buɗe kulob, ta ware fili da rana, ta sanar da jami'an tsaro, ita ta nemi izinin da sunanta. Su kuma mawaƙa su zauna da ƙungiyoyin masu turawa a yanka wani abu a kan kowace sabuwar waƙa, shagon da ya biya a ba shi shaida ya liƙa, kuma ya riga kowa samun sabon aiki. Wahalar karɓar kuɗin tana nan, ban musa ba.

Ni dai abin da na fara: waƙar da na fi so, in na samu data, nakan buɗe ta a tashar mai ita ko a Audiomack ko Boomplay, maimakon ta memori.

Yaron kuwa, kafin in bar filin an sake cilla jirgin. Wannan karon ya yi zagaye biyar, ya sauka a cikin karan gero, fiffike ɗaya ya tsage. Ya ce salatif zai sa, Asabar mai zuwa zai dawo. Na ce zan zo da batir.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.